Garejin da Wuta ta Tsallake

Dogo Nini, Potiskum
4 ga Yuli, 2013

Zuwa ga Yaya Mairam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah Ya ƙara sauƙi.

Kin ce in yi haƙuri da Joda tunda ɗan kawunmu ne. Yaya, bari ki ji. Shekara takwas muna koyon gyaran tirela wurin maigida ɗaya, ni ke sauke inji, shi yana miƙo spana. Ranar da yaran nan masu bindiga suka cinna wa layinmu wuta, gareji shida suka ƙone har da nawa, iska ta juya, nasa ya tsira. Wannan hukuncin Allah ne, ban ja ba.

Amma da Alhaji Babakura mai motocin shanu ya zo nemana, Joda ya tare shi ya ce sojoji na zargina da alaƙa da yaran. Kin san abin da wannan magana take jawo wa mutum a garin nan. Haka ya karɓe gyaran motocinsa goma sha biyu. Yanzu yana faɗa a majalisa wai ba sa'a ba ce, iya aiki ne. Ni kuwa ina facin taya a gindin dalbejiya. Ban yafe ba.

Ƙaninki,
Umara

Dogo Nini
19 ga Afrilu, 2015

Yaya Mairam,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi?

Abin da kika ji gaskiya ne. Injin da Joda ya haɗa ya buga a hanyar Azare da shanu talatin a mota, biyu suka mutu. Ya aiko in duba masa a ɓoye, kada Alhaji ya sani. Na je da rana tsaka, na kwance injin a gaban Alhaji da direbobi, na nuna musu ringin fistan da ya sa a juye. Sannan na ce Alhaji ya tambayi Joda wane soja ne ya zarge ni.

Motocin sun dawo hannuna. Jiya matarsa ta kawo min tuwo tana kuka, wai in ɗauke shi aiki. Na mayar mata da kwanon a rufe.

Don Allah kada Inna ta sa baki. Ban taɓa ce mata a'a ba, kuma ba na so in fara a kan Joda.

Ki gaishe ta sosai.

Ƙaninki,
Umara