Takardar Haihuwar Auta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, in ban da gwiwar babanki.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya katse ni kike yi. A nan dole ki bari in gama.

Jiya shugaban makarantarku ya zo har gida. Ya ce zai riƙe miki ajinki zuwa ƙarshen wata, daga nan zai nemi wata malama. Shekara uku kina karatun koyarwa, ki ajiye alli ki ɗauki usur, wai alƙalancin ƙwallo. Mace da hankalinta tana bin ƙartai ashirin da biyu a guje, 'yan kallo suna zagin uwarta. Uwar kuwa ni ce. Matar mai kemis ta tare ni a layin asibiti ta ce, "Maman Auta, an ce 'yarmu ta zama alƙali, a wace kotu?" Kowa ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Kin ce sai da takardar haihuwarki ta asali za a yi miki rajistar jarrabawar alƙalancin. Na duba, ban gan ta ba. Ina jin ta lalace lokacin da rufi ya yi yoyo. Ki ɗauki wannan a matsayin ishara, ki dawo gida.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, a yi wa Baba sannu. Ki gaya wa matar mai kemis kotuna ta fi gidanta girma, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Maganar takardar ta tayar min da hankali. Ranar Juma'a ta sama za a rufe rajista, kuma baɗi shekaruna sun wuce ƙa'ida. In na rasa bana, na rasa ke nan.

Kawu ya ce kada in damu. Ya san wanda zai buga min sabuwa cikin kwana biyu, da hatimi da komai, har a rage min shekara biyu. Ya ce kowa haka yake yi. Ban ba shi amsa ba tukuna.

'Yarki, Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku a tsaye.

Kawunki ƙanina ne, na san shi tun yana goge jan biro a takardar sakamakonsa. Kada ki kuskura. Ranar Laraba na haife ki, da hantsi, bayan kwana biyu ina naƙuda, kuma babu mai hatimin da ya isa ya matsar da wannan rana. Kin manta kina aji biyar, malami ya ƙara miki maki takwas bisa kuskure, na riƙe hannunki muka koma aka cire? Kin sauko daga ta ɗaya zuwa ta uku, kin yi mako ba kya min magana. Ban yi nadama ba. A gidan nan ba ma cin abin da ƙarya ta kawo, komai ƙanƙantarsa.

Saura kwana tara shugaban makaranta ya ba da ajinki.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Ina gaisuwa. Ban manta da maki takwas ba. Na ce wa Kawu a'a. Ya ce ni da ke duk kanmu ɗaya, busasshe.

Da wane baki zan busa wa ɗan wasan da ya faɗi da gangan, alhali ni ma da ƙarya na shigo fili? Don haka jarrabawa ta wuce ni. Na yi kukana na gama.

Amma ba zan dawo ba, Umma. Zan ci gaba da busa wasannin makarantu ranar Asabar, ko ba lasisi, ko ba wanda ya san sunana.

A iya tunanina kicin ne ya yi yoyo, shuɗin fayil ɗin da kike ajiye takardunmu kuma yana ɗakinki, a aljihun keken ɗinki. Amma tunda kin ce ta lalace, ta lalace. Ban taɓa jin kin faɗi abin da ba haka ba.

Allah ya ƙara girma.

Auta.

*

Auta,

Sallama. Ga takardar haihuwarki nan, na ba direban mota. Direban ya ce zai iso Alhamis kafin azahar, ki jira shi a tasha.

Ba ta lalace ba. Ko fayil ɗin ban buɗe ba. Ƙarya na yi miki, kuma na faɗa wa babanki da bakina.

Har yanzu aikin nan bai kwanta min ba. Kada ki ninke takardar, ki dawo min da ita cikin ledarta.

Na aika wa shugaban makaranta ya nemi wata.

Mahaifiyarki.