Igiyar da Aka Goge

Talata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara baki ɗaya. Yaya ƙarfin idon? Kina ɗiga maganin kuwa, ko har yanzu yana cikin jaka yana zaman jiranki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maman yara tana gaishe ki, ta ce in tuna miki da babbar tukunyarta, wai ta kusa shekara a gidanki.

Ki yi haƙuri da rubutun, ya koma na ɗan aji ɗaya. Da na so in kira ki, sai na tuna ba kya ɗaga waya in kina aiki, kuma ke kullum aiki kike. Saƙon waya kuwa kin ce ba rubutu ba ne. To ga takarda.

Na karanta shafinki na ranar Lahadi. A wurin aiki aka miƙo min jaridar, ana dariya ana cewa in ga yadda matar nan ta wanke mu tas. Ba wanda ya san yayata ce, ni ma ban faɗa ba. Kin ce saka fim ɗinmu cikin biyar ɗin da ke neman kambun shekara abin kunya ne ga alƙalan gasa. Kin ce fina-finan gwaraza masu tashi sama kayan wasan yara ne da aka yi wa fenti mai tsada, babu mutum a cikinsu sai riga da hayaniya. Rubutun ya yi daɗi, Yaya, ba a raba ki da wannan. Har ni sai da na yi dariya a inda kika ce gwarzon ya ceci duniya sau tara, amma ba a taɓa ganinsa yana neman silifas ɗinsa ba.

Sai dai a ƙasa kin rubuta da hannunki cewa ba ki kalli fim ɗin ba, kuma ba ki da niyya, don wanda ya ga ɗaya ya ga duka. Nan ne abin ya tsaya min a wuya.

Ba gardama na zo yi ba, ba ni da ƙarfinta. Shekara goma sha tara ke nan ina jan igiya a irin fina-finan nan, na yi goma sha ɗaya. In kika tambaye ni tsakani da Allah, takwas a ciki ko ni ba zan iya zaman kallonsu ba. Na san yadda ake yinsu. Ka wuni a wani ƙaton ɗaki mai koren labule, fanka na hura ƙura, wani bawan Allah na rataye a sama cikin ɗamara yana yaƙi da dodon da babu shi. Mu muna bayan labule muna ja, muna saki. Daga baya mutanen kwamfuta su goge igiyar tsaf, su zuba gari da wuta da sararin sama. In mun yi aikinmu da kyau, ba wanda zai san muna wurin.

Na san ba haka kika so min ba. Ke kika fara kai ni silima ina shekara bakwai, kina rufe min ido in an zo wurin ban tsoro, ina leƙe ta tsakanin yatsunki. Ke kika cika min takardun makarantar fim don in zama darakta. Da na bari na koma wannan aikin, kika sa min suna ɗan jan guga, har yau a gidanki haka yara ke kirana. Ban taɓa jin haushi ba. Amma ko fim ɗaya nawa ba ki taɓa kallo ba, wannan kam ina jin sa.

Ga tikiti na saka a ciki, na ranar Asabar ƙarfe biyu na rana, a silimar da ke kusa da ofishinku. Ba cewa na yi ki yabe shi ba. Ki kalla, sannan ki zage shi da hujja, yadda kike wa sauran mutane. Zan jira ki a bakin ƙofa.

Ki gaida Malam da kyau. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta

Litinin

Yaya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kin tashi lafiya, da Malam da yara. An ce ƙaramar ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Na je ranar Asabar. Tun ɗaya da rabi ina tsaye gindin babban hoton gwarzon namu, wanda ya buɗe hannuwa yana kallon sama. Mai duba tikiti ya tambaye ni sau biyu ko zan shiga, na ce ina jiran yayata. A karo na uku bai tambaya ba, kujera kawai ya turo min da ƙafa. Na zauna har aka fito. Sai da na hau motar komawa na ga saƙonki, cewa taro ya riƙe ki. Ashe dai kina rubuta saƙon waya in ta kama.

Ban yi fushi ba, gajiya ce kawai. Kwanan nan komai gajiyar da ni yake yi, har hawa benen gidanmu.

Washegari sai na je na kalli fim ɗin da kike goyon baya, na tsohuwar nan da ke zaune bakin taga tana jiran ɗanta. Mu shida ne a ɗakin kallon. Yaya, na yi kuka, har na ji kunyar mutumin da ke gefena, sai na ga shi ma yana share hanci. In da ni alƙali ne, wataƙila shi zan ba kambun. Kin ga ba son kai ya sa nake damunki ba. Ban san ko namu ya cancanta ba. Abin da na sani, shi wancan kin zauna kin kalle shi kafin ki yanke masa hukunci.

A wurin aiki ma gardamar ake ta yi. Mai ɗinkin rigunan gwarzon cewa take in ba a ba mu ba an yi zalunci, don fim ɗinmu ne ya hana rabin silimun ƙasar nan rufewa. Mai kyamara ya ce mata cikar ɗaki ba shi ne kyau ba, in haka ne a ba filin ƙwallo kambun. Ta ce shi dai ya ci ya ƙoshi a inuwar rigar da yake rainawa. Ni ina gefe ina duba ƙullin igiyoyi, don yanzu aikin da aka bar min ke nan.

Gara in faɗa miki, tunda Maman yara ta yi rantsuwa in ban faɗa ba ita za ta faɗa. Kafaɗata ta dama ce. Ta kai shekara tana damuna, ina ta lallaɓawa da allura da man shafawa. Yanzu ko kofin shayi ba na iya ɗagawa zuwa baki sai na sunkuyo. Rubutun da kika ga ya lalace, da hagu nake yinsa. An ɗauki hoto, likita ya ce jijiya ce ta tsinke tun tuni, kuma na yi wauta da na bari ta daɗe. Za su yi min aiki nan da sati uku. Ya ce hannun zai yi amfani, amma ba zai ƙara wuce kaina ba. Na tambaye shi batun igiya, ya dube ni ta saman tabarau, ya ci gaba da rubutunsa.

Kada ki je kallon fim ɗin don tausayi, in don shi ne na yafe. Ban kuma sake saka tikiti ba. Kin san hanyar silimar.

Allah ya ba ƙaramar lafiya. A gaida kowa.

Naki,
Auta

Juma'a

Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na ji daɗi da aka ce ƙaramar ta koma makaranta. Tukunya ta iso, Maman yara ta ce ta gode, amma murfin ba nata ba ne.

Kin riga ni jin sakamako. Ni da safe na ji a rediyo, ina layin awon jini a asibiti. Tsohuwar bakin taga ta ɗauki kambu, ɗan wasanmu kuma ya samu na gwanin 'yan wasa. Ban ji zafi ba, ban kuma yi murna ba. Na matsa gaba a layi.

Shafinki na wancan satin shi ne maganar. Ashe kin je ke kaɗai, ba ki gaya min ba. Na karanta shi sau huɗu. Kin ce har yanzu kina kan bakanki, awa biyu da rabi na hayaniya ne, kuma kunnenki bai yafe ba. Amma kin ce akwai daƙiƙa goma sha biyu a ƙarshe da suka sa kika cire tabarau. Wurin da gwarzon ya gama yaƙi yana saukowa daga sama, sai ya zame kamar ƙarfinsa ya ƙare, ya tsaya cak a iska, ya ci gaba da saukowa da ƙyar, ya dira kan gwiwa ɗaya ya dafa ɗayar. Kin ce haka Babanmu yake zama in ya dawo daga wurin gini, sai ya tsaya a rabin hanya kafin ya kai kujera. Kin ce a nan kaɗai kika ga mutum a cikin rigar, kuma in fina-finan nan za su riƙa ba da irin wannan, kin yarda a zauna a yi maganarsu da mutunci. Kika rufe da jinjina wa ɗan wasan.

To bari in gaya miki yadda aka yi.

Saukowa irin wannan ba a ba inji, don inji santsi gare shi, ido na ganewa. Mutum ɗaya ake ba igiyar ya sauke da hannu, yana ƙirga ɗaya zuwa takwas daidai da numfashin wanda ke sama. Ni ake ba, don a nan aka san ni. Abin da darakta ya nema shi ne gwarzon ya sauko a hankali, ƙirji a buɗe, ya dira da ƙafa biyu. Na yi irinta ta fi sau dubu.

Ran nan ina kan biyar na ji wani abu ya ce ɗas a kafaɗata, hannun ya mutu. Igiya ta kufce ta yi kamu guda. Abu na farko da ake koya mana shi ne ko me ya same ka ba ka saki, don ran mutum ne a ɗaya bakin. Na naɗe ta a ƙugu na zauna a kanta, shi ne tsayawar da kika gani. Sauran kuma da hagu na sauke shi, kaɗan-kaɗan, ina ganin duhu-duhu. Fuskar da ya yi ba wasa ba ne, tsoro ne, ya ɗauka ya tafi ke nan. Gwiwar da ya dafa kuwa buguwa ta yi.

Aka ba wani igiyar, aka sake ɗauka sau huɗu, duka suka fita sumul. Ni na ce jijiya ce ta ɗan riƙe, na koma gefe. Sai da fim ya fito na ga tawa suka zaɓa. A aikinmu abin da ya faru a bayan labule a nan ake barinsa, ba a faɗin wanda hannunsa ya kasa. Shi ya sa da ɗan wasan ya ce a talabijin wata uku ya yi yana nazarin yadda tsofaffi ke zama, duk muka yi shiru. Yaron kirki ne, ya aiko min da kwandon lemo.

Don Allah kada ki rubuta wannan. Na san hannunki, yanzu haka yana ƙaiƙayi. In kika rubuta za a ce an rataya mutum a hannun da ba shi da lafiya, a kori wanda ya ba ni igiyar, shi kuwa bai san komai ba. A bar wa yaron kambunsa.

Ban san abin da wannan ya nuna game da gardamarku ba, ko fina-finan sun cancanta ko ba su cancanta ba. Ku da kuka iya magana ku ƙarasa. Ni dai da na zo wurin da kika ambaci Baba, sai na ajiye jaridar na shiga banɗaki na kulle ƙofa, don kada yara su gan ni. Ban taɓa sanin na gaji zamansa ba.

Na yanke shafin na saka a cikin akwatin safar hannuna ta jan igiya, tunda ita ta gama aiki. Shekara goma sha tara ina sauke mutane lafiya ba ki gani ba, sai ranar da hannuna ya kasa kika gani, har kika yaba. Ba komai, Yaya. Na karɓa, kuma wallahi na ji daɗi.

Ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe za a shiga da ni, hawa na biyu, ɗaki na ƙarshe a hagu. Maman yara tsoron asibiti take, ko allura aka fito da ita sai ta bar wurin. In taro bai riƙe ki ba, ki zo ki zauna kusa da ni kafin su tura gadon. Har yanzu ina so a rufe min ido in an zo wurin ban tsoro.

Ki gaida Malam da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki ɗan jan guga,
Auta