Na Daina Sa Hannu a Akushi

Makera, Kaduna.

Zuwa ga Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ƙaiƙayin nan na hannuwana ya hau har wuya. Wani malamin asibiti da muke haya gida ɗaya ya ce in bar dafaffen abinci wata biyu, in gwada ɗanye, ko Allah zai sa a dace. Ba ni da ƙarfin sayen lemo da ayaba, sai in gangara lambun bakin kogi da la'asar, in samo ragowar yalo, gurji da tumatir da araha.

Ba yunwar ce ta dame ni ba, Yaya. Nan ma bayan magariba kowa kan fito da akushinsa a ci tare a ƙofar gida. Da na daina sa hannu, sai aka ɗauka kuturta nake ɓoyewa. Na yi bayani har na gaji. Malam Idi tela, wanda muka shekara uku muna cin tuwo tare, cewa ya yi, "Ba komai, Malam Garba, Allah ya yaye." Sannan ya janye butarsa daga kusa da ni.

In na koma tuwo, ina tsoron jikin ya ƙara tashi. In na ci gaba, mutane na guduna. Na rasa inda zan sa kaina.

Ka gaishe da mutanen gida duka. Ka roƙi Inna ta sa ni a addu'a, amma don Allah kada ka faɗa mata zancen butar.

Ƙaninka,
Garba.