Barewar Tsagaggen Dutse

Garin Ɗantala, ta Keita
14 ga Nuwamba

Zuwa ga taubashina Hamani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarka Fiddausiya da jikoki. Yaya kunne? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Binta matata tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu rogo kake ci safe da yamma.

Fiddausiya ta gaya mini injin yankan katako ya gama da kunnuwanka. Shi ya sa in na kira ka a salula sai ka yi ta "iye, iye" har in gaji in kashe. To, na koma takarda. Bashiru maƙwabcinmu zai koma Abijan jibi, shi zai kawo maka wannan, da hotuna biyar a ciki.

Ni na ɗauke su da hannuna, kada ka yi dariya. Tun da na ajiye alli na bar koyarwa a lakwal zaman gida ya ishe ni, sai Salima, 'yata mai aikin jinya a Madawa, ta kawo mini kyamara. Yanzu kullum in an idar da sallar asuba sai in yafa bargo in hau tudu. Mutanen gari sun ce Malam Rabo ya fara taɓuwa, yana durƙusa wa ciyawa. Ban damu ba.

Duba na farko da kyau. Furen anza ne. Hamani, shekarar farin da ta kore ka, kwana nawa muka yi muna jiƙa 'ya'yan anza muna zubar da ruwan ɗacin kafin mu ci? Ban taɓa sanin tana fure mai ƙamshi ba sai bana. Yunwa ba ta bar mu mun duba ba. Na tsaya a kanta ina shinshinawa, sai na tuna Inna tana tsame ta daga tukunya tana ce mana mu rufe ido mu haɗiye. Na yi hawaye, ba na ɓoye maka.

Na biyu gawon gonarku ne, ya yi ganye shar, ga fure kamar gari ya zuba masa. Na uku kariya ce a gefen dutse, ba ganye ko ɗaya, sai jan fure. Sauran biyun tabkin Keita ne da sassafe, tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya, sun cika bakinsa. Ɗayan ya ɗan yi dishi-dishi, hannuna ne ya yi rawa don sanyi.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Shekara arba'in ke nan da tafiyarka, zuwanka biyu kacal, na ƙarshe da rasuwar mahaifiyarka, shi ma kwana huɗu ka yi ba ka leƙa ko bayan gari ba. Kullum maganarka ɗaya ce, wai ƙasarmu ta Adar ba komai sai dutse da kushewa. Ka tafi ka bar tudu tsirara, gaskiya ne. Amma bayanka furoje na raya ƙasa ya zo, matanmu sun ɗauki dutse a ka shekara da shekaru, an jera, an haƙa ramuka, an dasa itace. Binta har yau wuyanta na ciwo in sanyi ya shigo. Tudun nan yanzu in akuya ta shige sai an neme ta.

Cikin waɗanda muka yi kiwo tare, saura ni da kai. Ina so ka dawo gida tun ƙafarmu tana iya hawan tudu. Ban iya lallashi ba, ka san ni, shi ya sa na aiko hotuna su yi mini.

Ka gaida kowa da kowa.

Ubangidanka,
Rabo

Garin Ɗantala
20 ga Disamba

Hamani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jiki, yaya yara? Takardarka ta iso ta hannun direban kar, babbar motar fasinja ta Tawa. Na karanta wa Binta, ta yi dariya har ta ƙware.

Wato ni za ka ce wa na yanko hotuna daga kalandar kanti? Wai fure ko'ina akwai shi, tsuntsu kuma ba shi da gari. Ba laifinka ba ne, bawa in ya daɗe a bakin teku sai ya manta da ubangidansa. Amma na riƙe maganarka ta ƙarshe, inda ka ce ranar da barewa ta koma Tsagaggen Dutse, ranar za ka ɗaura kayanka. Na san da ba'a ka faɗa, don ka tabbata ba za a yi ba. To, zauna da kyau.

Sanyin bana ya yi ƙarfi. Da safe tsofaffi na kewaye da wutar kara a ƙofar masallaci, masu lambun albasa ba sa taɓa ruwa sai rana ta ɗaga. Ran nan na bi shanun Fulani da suka shigo cin kara, ina son in ɗauki balbela a bayan sa. Ban samu ba, ta ƙi zama. Ina dawowa ta ƙoramar da ke bayan tudu sai na ga sawu a rairayi, ƙanana, masu tsini. Na ce na akuya ne. Na sake dubawa, ashe na barewa ne. Kai ka koya mini bambancin, muna yara, ranar da kawu Jima ya zane mu don mun bar awaki mun bi sawu har azahar.

Kwana tara ina zuwa. Na daina shafa turare, na daina sa farar riga, tari ma sai na danne shi. Binta ta ce da haka nake neman aljanna da tuni na samu. Ran na tara, rana ta fara fitowa, ina kwance a bayan wata sabara, sanyi ya kama mini yatsu, sai ga su. Biyu ne, namiji da mace. Suna cin 'ya'yan magarya da suka zubo, macen tana ɗaga kai tana kaɗa kunne.

Da farko na ɗauke su daga inda nake, sun fito sarai. Sai na tuna bakinka. Na ce wannan mutumin cewa zai yi a gidan namun daji na ɗauka. Don haka na ja ciki a hankali na kewaya, ƙaya tana yagar bargo, har na samu inda dutsen ya shigo cikin hoton gaba ɗaya, da tsagar, da aduwar nan da ta fito daga tsakiya. Duk wanda aka haifa a garin nan, ko da ido ɗaya ya gani zai gane wurin.

Jiya na shiga Tawa takanas aka wanke mini shi babba. Ga shi nan. Ka duba tsagar, nan muke ɓoye gorar fura kada rana ta taɓa ta. Nan ka yi mini rantsuwa ba za ka taɓa barin garin nan ba, kana da shekara goma sha ɗaya, majina har baki.

Ban gaya wa kowa ba sai Binta. Ka fara ɗaure kaya.

A gaida Fiddausiya.

Naka,
Rabo

Garin Ɗantala
9 ga Janairu

Ɗan'uwana Hamani,

Ina gaishe ka, ina fatan kuna lafiya. Mu ma jiki lafiya. Wannan takardar ba ta wasa ba ce.

Fiddausiya ta kira ni ranar da hoton ya isa. Ta ce ka riƙe shi kana kallo har shayinka ya huce, daga baya ka ce ta ɗauke shi da salularta ta sa a gurup ɗin 'yan garinmu, kowa ya gani, na Abijan da na Libiya da na gida. Na ji daɗi a lokacin, har na yi wa Binta alfahari. Ko kaɗan ban kawo komai a raina ba.

Ka san an gama girbi, an ɗaure dawa, lokacin farauta ne. Kuma ka san rabin mutanen gurup ɗin nan a gari suke kwana. Ranar Asabar da hantsi na ji haushin karnuka da ƙarar babura sun nufi bayan tudu. Na fito ba ko takalmi. Kafin in kai rijiya sun yi nisa, ƙafar tsoho ba ta kamo babur.

Da la'asar ina zaune a zaure sai ga Abdoulkadir, ɗan ƙanenka, ya yi sallama. Mutum ne mai ladabi, kai ma ka sani, shi ke noma gonarku tun rasuwar ubansa. Ya durƙusa ya ajiye abu a gabana, nannaɗe cikin takardar siminti. Ya ce, "Baba, ga kasonka. Ai kai kag gano ta, mu bin sawu kawai munka yi. Namijin munka samu, macen ta tsere muna."

Cinya ce, Hamani. Yadda aka saba tun kakanni, wanda ya fara ganin nama shi ke da cinya. Bai zo da izgili ba, girmama ni ya zo yi, fuskarsa cike da murna. Ka san ba a mayar da kason farauta, in ka mayar ka ce da mutum haram ya kawo maka. Na sa hannu biyu na karɓa. Na ce madalla, Allah ya yi albarka. Da bakina na faɗa.

Binta ta dafa don kada ya lalace, aka rarraba wa maƙwabta. Ni tuwona na ci gaya.

Salima ta ce in kai ƙara wurin ma'aikatan gandun daji, tunda doka ta hana. In kai wa? Ɗanka? Yaron bai taɓa ganin barewa da idonsa ba sai a hotona, labarinta kawai yake ji a bakinmu, yadda iyayenmu ke dawowa da ita a kafaɗa ana guɗa. Mu muka ba su labarin da daɗi haka. Washegari na tara samarin da suka je farautar a zaure na yi musu magana, sun sunkuyar da kai sun ce to. Ban san iyakar inda "to" ɗin za ta kai ba.

Kada ka yi wa Fiddausiya faɗa, kai ma kada ka ɗora wa kanka. Kawu Jima bai taɓa faɗin inda ya ga nama ba, ko matarsa ta tambaya sai ya ce can daji. Na san wannan tun ina yaro. Amma son in ci gardama da kai ya sa na ja ciki cikin ƙaya na zana wa duniya hanya. Shekara arba'in dabbar nan tana jiran itace ya tsiro ta dawo, ni kuma na bashe ta cikin mako uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da kaina nake fushi.

Na koma wurin sau biyu. Sawun babur ne kawai.

Ka huta lafiya.

Rabo

Garin Ɗantala
11 ga Fabrairu

Taubashina,

Salamu alaikum. Yaya kwanan iyali, yaya kunne? Binta tana gaisuwa, Salima ma ta zo hutu ta ce a gaida Baba.

Na ga takardarka. Ban saba jin ka kana ba da haƙuri ba, har na duba sunan sau biyu. Ka ce ka fita daga gurup ɗin. Ka ce in macen tana raye in ɗauko maka ita ko daga nesa ne, ba wanda zai gani sai kai, don hankalinka ya kwanta.

Tana raye. Na gan ta ranar Talata, ba a wancan wurin ba. Sanyi ya fara raguwa, gawo ya zubar da fure ya fara 'ya'ya, su take ci. Ta rame a wuya, amma cikinta ya fito, Hamani. Ina tsammanin ciki ne da ita. Ta tsaya kusa da ni har ina ganin numfashinta a cikin sanyin safiya. Kyamara tana rataye a ƙirjina, haske ya yi kyau yadda ban taɓa samu ba. Na daɗe ina kallonta har ta gama ta wuce. Ban ɗaga hannu ba.

Don haka ba hoto cikin wannan takardar, kada ka zazzage ambulan. Ba kuma zan rubuta inda take ba, takarda tana bin hannuwa da yawa kafin ta kai Abijan. Ko Binta ban gaya wa ba, ta yi fushi na kwana biyu ta huce.

Zan ci gaba da aiko maka furanni da tsuntsaye in kana so, su ba mai bin su da kare. Wannan kam a'a. Mutum ɗaya na yarda in nuna wa, kuma sai yana tsaye kusa da ni.

Zafi na tafe. In ruwan ƙorama ya ƙafe ban san inda za ta nufa ba, ni ma gwiwata ta hagu ta fara ƙin hawan tudu. Kai ka ce in barewa ta dawo za ka ɗaura kaya. Ta dawo, an kashe mata miji saboda gardamarmu, kuma ba ta tafi ba.

Na sa an share ɗakin mahaifiyarka, an yi masa sabon daɓe. Ka taho da takalmi mai taushi da riga mai duhu. Rashin jin nan naka ba zai hana komai ba, inda zan kai ka ba a magana.

Allah ya kawo ka lafiya.

Mai jiranka,
Rabo