Kada a Sayar da Akawal

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Ni nan Dubai alhamdulillahi, kasuwar da na kafa da hannuna tana tafiya.

Ranar Juma'a na kalli fim ɗin sojojin Ostareliya masu yaƙi bisa dawakai cikin hamada. Dawakan sun sha ƙishirwa dominsu, amma da yaƙi ya ƙare aka hana su tafiya gida da su. Wani soja ya tsaya yana shafa goshin nasa. Sai na tuna Akawal, dokin marigayi Baba, da ka ce za ka sayar.

Don Allah ka bar shi. Dusarsa da harawarsa suna wuyana, shi ke nan. Shi ya riƙa kai Baba gona, bari ya tsufa a gidanmu.

A sa ni a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙaninka,
Habibu