Kajin Alhaji Namadi

Bagudo, 4 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Sabuwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya tare da maigidanki da yara a Segbana. Yaya ƙafarki? Ni dai ga ni nan, ki yi haƙuri da rubutun.

Ranar ta'aziyyar ɗana Bunyaminu kin tambaye ni abin da ya kashe shi, na yi shiru saboda jama'a. Yau zan faɗa miki. Da Alhaji Namadi ya sayo kejin ƙarfe ya zuba wa kajinsa na ƙwai, sai ya ce aiki ya ragu, ya sallami mutum huɗu cikin shida. Ɗana ya koma shi kaɗai a rumfa guda: abinci, ruwa, tsintar ƙwai, kwashe kashi. Da babu mai karɓarsa, can yake kwana cikin wari da ƙura. Tari ya kama shi, ya nemi hutu, aka ce kaji ba su san hutu ba. Yanzu ba ni da mai ɗebo mini ruwan alwala.

Ɗayan ma'aikacin ya gudu. Kin san yawancin iyayen garin nan ni na koyar da su a firamare, ba sa sakin yaro zuwa aiki sai sun shawarce ni. Duk wanda ya zo, na ba shi labarin tarin. Ba wanda ya ba da ɗansa.

Na ji Alhaji zai tsallako iyaka zuwa wajenku neman ma'aikata. Ki bi gida gida, ki gaya wa mata. Maigidanki ya faɗa a masallaci. Kada ki ƙara komai a kai, gaskiyar ta isa.

Yayanki,
Muhammad Sani

Bagudo, 27 ga Afrilu

Sabuwa,

Sallama da fatan alheri. Allah ya yi miki albarka, aikinki ya yi kyau. Alhaji ya dawo da mota babu kowa a baya.

Zafi ya tsananta, ƙwai na fashewa a keji, kaji na mutuwa. Jiya ya zo zaurena ya durƙusa, ya ce zai mayar da mutum shida, har takwas, in dai zan gaya wa mutane na yafe. Na bar shi ya gama, sannan na ce: "Kana da 'ya'ya maza huɗu a Birnin Kebbi. Ka fara da su."

Liman ya yi mini nasiha, na saurara da ladabi. Ban ji sanyi a raina ba, gidan ma shiru yake kamar kullum, amma ba zan janye ba.

Ranar kasuwa Alhaji zai karyar da sauran kajin ga masu yanka. Ƙafata ba za ta kai ni ba. Ki turo ɗanki Sufyan da babur da sassafe, ya haɗo da kujera. Ina so in zauna inda zai gan ni.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Muhammad Sani