Sunayen da Justin Ya Saya a Intanet

Fatakwal, 9 ga Nuwamba

Yaya Azariya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya Mama da ciwon gwiwarta? Yaya Lai'atu da yara? Mu muna nan lafiya.

Na ji kana so ka zuba kuɗin cittar bana a sayen sunayen shafukan intanet masu sabon ƙarshe, yadda mijina Justin ya yi. Yaya, ka dakata.

Bara waccan ya sayi guda arba'in, masu ƙarewa da .shop da .xyz, saboda araha. Mun ɗauka kamar fili ne a Kwoi, ka saya ka bar shi ya yi daraja. Ka san ni da littattafan soyayya, har na riƙa hango wani attajiri yana kiranmu daga Turai. Ashe haya ce, duk shekara sai an sabunta, kuma kuɗin shekara ta biyu ya ninka na farko sosai. Justin ya biya da kuɗin hayar gidanmu. Har yau ba wanda ya taya.

Kada ka faɗa wa Mama, mun koma ɗaki ɗaya. Yana da iska, ba laifi. Littattafaina suna kwali a ƙarƙashin gado.

In don cinikin cittarka ne, sayi ɗaya tak mai .com, wanda mutane suka saba bugawa. Sauran kuɗin na iri ne da taki.

Bana mun saki duka, sai ɗaya mai sunana. Justin ya ce wannan ba na sayarwa ba ne.

In an samu mota, a aiko mana da acca. Allah ya albarkaci gonar.

Ƙanwarka,
Hulda